Me ake sauya wa tsofaffin motocin Amurka masu V8 har su cinye rubu'in mil a sakan 10?

Ka ce ka ga bidiyon tsofaffin motocin Amurka irin su Chevelle da Charger da Mustang suna tashi daga kan layi har tayoyin gaba su bar ƙasa, kana son sanin abin da ake sauya musu, kuma ko gaskiya ne duk sirrin a ƙaton injin nan na V8, mai silinda takwas, yake.

To ƙanena, inji yana da nasa rabon, amma ba da shi ake farawa ba. Yawancin kuɗin da sababbin shiga suke tafka asararsu a wannan harka, a kan inji suke zuba su. Wanda ya san aikin daga bayan mota yake farowa: taya, sai abin da ke riƙe da tayar, sai giya, sannan ya zagayo gaba ya ɗaga bonet. Bari ka ji dalili.

Tseren da kake kallo mota biyu ne, daga tsaye, a miƙaƙƙen layi mai tsawon rubu'in mil, ƙafa 1,320 ke nan, wato mita 402. Ƙungiyar NHRA da Wally Parks ya kafa a 1951 ita ce babbar mai tsara shi, kuma tun asali manufarta ita ce a janye samari daga tsere a titin jama'a a kai su fili mai doka. Idan ka gama gudu ana miƙo maka 'yar takarda ɗauke da lokacin da ka yi a ƙafa 60 na farko, da a rabin tafiya, da a ƙarshe, da kuma gudun da kake yi sa'ad da ka tsallake layi. Gwanaye kan layin ƙafa 60 idonsu yake fara sauka. Mita 18 ne kacal, amma a nan ake ci, a nan ake faɗuwa. Motar da ke kan tayar titi tana yin sakan 2.0 zuwa 2.2 a wannan ɗan tsakanin. Wadda aka gyara mata baya tana yin 1.5 ko ƙasa da haka. Abin da 'yan harkar suka daɗe da lura da shi shi ne, duk kashi ɗaya cikin goma na sakan da ka rage a nan, yana rage maka ɗaya da rabi zuwa biyu a ƙarshen layi. Rabin sakan a farko ya kusa zama sakan guda ke nan, ba tare da ka taɓa ko fulogi ba.

Su waɗannan motoci da ƙarfinsu aka haife su. Pontiac GTO ta 1964, wadda ake ɗauka ita ta buɗe ƙofa, matsakaiciyar mota ce aka cusa mata injin babbar mota mai lamba 389, wato lita 6.4. Chrysler ta fito da injin 426 Hemi don titi a 1966 da ƙarfin doki 425 a takarda. Chevelle SS ta 1970 mai injin 454 samfurin LS6 an rubuta mata 450. Amma duk da wannan ƙwanji, yawancinsu sakan 13 zuwa 14 suke yi yadda suka fito daga kamfani, saboda tayar zamanin siririya ce, mai tauri, da ka taka totur sai hayaƙi. Ƙato ne a filin kokawa amma tsaye a kan santsi. Kamfanonin da kansu sun san haka. Shi ya sa Ford Thunderbolt ta 1964 da Hemi Dart ta 1968, waɗanda aka ƙera musamman don tsere, ba inji kawai aka ba su ba: an sa musu sassan jiki na faiba, an kwashe kayan alatu, an mayar da batir but.

Ga wani lissafi da zai sanyaya maka gwiwa game da inji. Lokacin da mota ke yi ba ya raguwa daidai da yadda ƙarfi ke ƙaruwa. Mota mai nauyin kilo 1,600 da doki 450, idan tayarta ta kama yadda ya kamata, tana iya yin kusan sakan 11 da rabi. Ka ninka ƙarfin ya zama 900, ba za ta yi sakan 6 ba. 9 da 'yan kai za ta yi. Kowane sakan na gaba ya fi na baya tsada nesa ba kusa ba.

Taya iri biyu ake amfani da su. Akwai mara zane sam, mai laushin gefe, wadda ake ba ta iska kaɗan, 10 zuwa 14 a geji, alhali ta titi tana shan 32. Ka sa bidiyon a hankali ka kalli tayar baya a daidai lokacin tashi: za ka ga gefenta ya yamutse, ya yi layi-layi, wili ya riga tayar juyawa da ɗan kaɗan, ƙasanta ya baje ya yi tsawo a kan kwalta. Wannan yamutsewar ce take shanye dukan farko, ta hana roba kuɓucewa. Saboda iskar ba yawa, wili yana iya zamewa a cikin tayar, don haka ake ɗaure bakinta da sukurori ko da zobe na musamman. Iri na biyu ita ce mai waya wadda aka yi da roba mai laushi da ɗan zane kaɗan don a iya hawa titi da ita. Ta fi nutsuwa a babban gudu amma ba ta yafiya: idan ta fara zamewa ba ta dawowa, sai ka ɗaga ƙafa. Mickey Thompson da Hoosier su ne sunayen da za ka fi gani a jikinsu.

Hayaƙin da ake tayarwa kafin tashi kuwa ba burga ba ne. Ana ratsa wani ɗan wuri mai ruwa, direba ya danna maɓallin da ke riƙe birkin gaba shi kaɗai, ya bar na baya suna juyi a wuri ɗaya har roba ta yi zafi ta zubar da ƙura da tsakuwar da ta kwaso. Shi kansa filin ana fesa masa wani sinadari mai danƙo, har takalmi yakan maƙale idan ka taka. A nan tseren ya sha bamban da wasan mota da samari ke yi a Abuja ko Kano, inda ake so baya ya zame a yi ta kewaye. A can zamewa ita ce gwaninta, a nan kuwa asara ce.

Samun taya mai kamu shi ke tono matsala ta gaba, kuma nan ne aikin ya fi daɗi. Camaro ta farko da Nova da tsofaffin Mustang da motocin Chrysler duk sifirin mai ganye ne a bayansu. Idan taya ta kama ƙasa, gidan aksul yana ƙoƙarin juyawa baya, hancinsa ya ɗaga sama. Sai ganyen sifirin ya lanƙwashe kamar harafin S, ya kai iyaka, ya fizge ya dawo, taya ta yi tsalle, ta sake kamawa, ya sake lanƙwashewa. Daga cikin mota ji za ka yi kamar ana dukan ƙasanta da guduma. Wannan tsallen shi ke karya aksul da mahaɗin farfela. Maganin da aka daɗe ana yi shi ne a ɗaura wani ƙarfe a ƙarƙashin sifirin, mai kan roba a gaba, wanda zai tokare idon sifirin ya hana shi lanƙwasa. Na zamani irin CalTracs sun fi shi, don suna mayar da wannan juyin ya zama ƙarfin danna taya ƙasa, kuma ana iya saita su. Chevelle da GTO kuwa sifirin mai nadi gare su da hannaye huɗu da ke riƙe aksul. Su ana sauya hannayen ne da masu ƙarfi, a cire robobin da suka ruɓe, a daidaita kusurwarsu.

Gaban mota kuma akasin abin da ka saba ake masa. Ana so ya tashi da sauri don nauyi ya koma kan tayoyin baya. Sai a sa shokozoba mai saurin miƙewa da jinkirin komawa, wanda suke kira 90/10, a cire ƙarfen da ke hana mota kwanciya a kwana, a sa sirran tayoyi marasa nauyi. Motar da aka yi wa haka ba ta da daɗin tuƙi a gari, kuma a kwana haɗari ce. Ɗaga gaba sama sosai da ke burge 'yan kallo shi ma ba riba ba ne. Ƙarfin da ya tafi ɗaga mota bai tafi tura ta gaba ba, kuma saukowar takan fasa tukunyar baƙin mai. Inci kaɗan ya wadatar.

Akwai wani abu da ba a gani sai an faɗa maka. Juyin farfela yana sa aksul ya danne tayar hagu ya sauƙaƙa wa ta dama nauyi. Shi ya sa motar da ba a kulle mata aksul ba kullum tayar dama ce ke hayaƙi ita kaɗai. Saboda haka idan za a mayar da batir but, ɓangaren dama ake ajiye shi, wasu kuma su sa jakar iska a cikin sifirin na dama. Motocin da ba su da cikakken shasi, irin Camaro da Mustang da Charger, ana yi musu waldar ƙarfe biyu a ƙasa da za su haɗe gaba da baya. In ba haka ba jikin yana murɗewa har ƙofa ta daina rufuwa daidai.

Shi kansa aksul, wanda kowa ke komawa gare shi shi ne na Ford mai inci 9, har masu Chevrolet, duk da gabar da ke tsakani. Yana da ƙarin boris da ke tallafe ƙaramin haƙori, ana zare cikinsa gaba ɗaya a sauya cikin ɗan lokaci, kuma idan sandar ta karye taya ba ta ficewa ta bar mota kamar yadda takan yi a wasu na GM, kamfanin da ke ƙera Chevrolet. Dana 60 da ke zuwa a motocin Hemi masu giyar hannu shi ma ba ya jin duka, sai dai nauyi. Zaɓen haƙoran ciki kuwa lissafi ne, ba son rai ba. Abin da ake so shi ne mota ta tsallake layi inji yana daidai inda ƙarfinsa ya ƙure. A ce motar za ta gama da gudun mil 120 a awa, wato kilomita 193, da taya mai tsayin inci 28. Da haƙori 3.08, wato farfela ta juya sau 3.08 kafin taya ta juya sau ɗaya, inji zai kasance a juyi 4,400 a minti, bai ma farka ba. Da 4.10 yana wajen 5,900. Da 4.56 ya haura 6,500, wanda ga injin da ba a gina shi don haka ba ya yi yawa. Ka ga ke nan wanda ya ce maka mafi girman lamba shi ne mafi kyau, bai yi lissafi ba.

Giyabos: kusan duk masu son cin tsere otomatik suke hawa. Giyar hannu ta fi daɗi, ban musa ba, amma ƙafar mutum ba ta sakin kuloci iri ɗaya sau biyu, kuma dukanta yana karya kaya. TH400 na GM, TorqueFlite 727 na Chrysler, C4 da C6 na Ford, da Powerglide mai giya biyu kacal don mota mara nauyi mai ƙarfi da yawa, su ne 'yan gida. Abin da ya fi muhimmanci a cikinsu shi ne kwanbata, tulun nan mai mai da ke tsakanin inji da giya. Na kamfani yana fara jan mota tun inji yana juyi 1,800 ko 2,000. Injin tsere a wannan juyin ba shi da kataɓus. Sai a sa kwanbatar da za ta bar shi ya hau 3,500 ko 4,500 ko fiye kafin ta kama sosai. A wurina, in dai mota otomatik ce, bayan taya babu abin da ke sauya ta kamar kwanbatar da ta dace da kamshaf ɗinta. Tana dafa man giya, don haka dole a ƙara masa ɗan lagireto nasa. Masu nisa a harkar suna ƙara wata na'ura da ke kulle giya ta ɗaya da ribas a lokaci guda: mota ta tsaya cak, direba ya take totur har ƙasa, da ya saki maɓalli sai ta fita kamar an harba ta.

Rage nauyi ba ya buƙatar dogon bayani. Ƙiyasin da ake yi shi ne kilo 45 daidai yake da kashi ɗaya cikin goma na sakan. Kujerar baya, na'urar sanyi, bonet na ƙarfe, duk suna fita. Na gaban mota da na abin da ke juyawa, irin wili, su suka fi amfani a cire.

Yanzu mu zo injin da ka tambaya. Inji famfon iska ne: iya iskar da ya shaƙa ya fitar, iya man da zai ƙona. Wurin da iska ta fi shaƙewa shi ne kan silinda, don haka kai mai kyawawan hanyoyi da manyan bawul shi ne inda kuɗi ya fi haihuwa. Sai kamshaf, sai bututun shigar iska, sai a cire tukunyar salansa ta kamfani a sa dogayen bututu, kowace silinda da nata. Amma dole su zama 'yan ɗaki ɗaya. Kuskuren da ya fi yawa shi ne sayen kamshaf mafi girma saboda ana son wannan ƙugin na gurgunta da inji ke yi a tsaye, a haɗa shi da kwanbatar kamfani da haƙori 3.08. Motar za ta yi amo kamar aradu, ta tashi kamar mai ciwon baya. Haka ma kafireto. Injin 383 da ke juyi 6,500 ba zai iya shaƙar fiye da abin da Holley mai lamba 750 ke bayarwa ba. Ka ɗora masa 950, iska ta rasa saurin da za ta ja mai, ka taka ya yi tari. Shi 383 ɗin nan ma ba haka Chevrolet ta yi shi ba a zamanin: 350 ne ake ɗan faɗaɗa masa silinda a sa masa karanshaf mai dogon zango irin na 400, kuma yana cikin gyare-gyaren da suka fi karɓuwa don ƙarfin da yake bayarwa tun daga ƙasa.

Matsin inji yana tafiya ne da irin man da za a sha. LS6 ta zo da matsi 11.25 saboda fetur mai dalma na lokacin yana jurewa. Daga 1971 kamfanoni suka fara rage shi. Idan matsi ya fi ƙarfin mai, man yana fashewa da kansa ba bisa tsari ba, ya dinga sarar kan fistin. Yau da yawa sun koma E85, mai yawan sinadarin etanol, wanda yake jure matsi kuma yake sanyaya inji, amma ana shan kusan kashi 30 cikin ɗari fiye da fetur, don haka famfo da tiyo da nozul duk sai an girmama su.

Wani abin da ba a kula da shi sai ya yi ɓarna: a lokacin tashi duk wani ruwa da ke cikin mota baya yake gudu. Baƙin mai ya taru a bayan tukunya, famfo ya ja iska na ɗan lokaci, mital ya bushe, inji ya buga. Fetur a tanki haka, a cikin kafireto ma haka. Shi ya sa ake sa tukunya mai shinge a ciki, a ɗebi mai daga bayan tanki, a ƙara wa jet na baya ɗan bututu.

Daga nan sai ƙarin ƙarfi na dole. Gas ɗin naitiros shi ne mafi arha. Shi kansa ba ya ci da wuta. Iskar oksijin yake ɗauke da ita, kusan kashi 36 cikin ɗari na nauyinsa, alhali iskar da muke shaƙa 23 ce, kuma yana sakinta idan ya ji zafin cikin silinda. Dole a ƙara fetur daidai da shi, a ja taimin baya wajen digiri 2 a kan kowane doki 50, a sa fulogi mai sanyi. Bayan kowane gudu ana kashe inji a zare fulogi a duba: idan ka ga ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa masoro a kan farin kaskonsa, ko ƙugiyarsa ta fara narkewa, fistin ne yake aiko maka da saƙo. Sai babbar na'urar hura iska da kake gani ta huda bonet, 6-71, wadda asalinta daga injin dizil na GMC aka aro ta. Tana ba da ƙarfi nan take amma ita ma tana cin nata daga karanshaf. Sai turbo, mai hura iska da ƙarfin hayaƙin salansa, wanda shi ke mulki yanzu. Samari da yawa a Amurka suna ɗauko injin LS mai lita 5.3 daga motocin ɗaukar kaya da suka yi haɗari, su buɗe tazarar ringi don kada zafi ya haɗe bakinsa ya fasa fistin, su ɗaura turbo, su ninka ƙarfinsa da kuɗin da bai kai na gina tsohon 454 ba. Masu kishin asali suna jin haushin ganin injin Chevrolet a cikin Mustang, amma takardar lokaci ba ta tambayar sunan kamfani.

Af, kada ka ɗauka motocin tarihi ake yankawa. Wata Hemi Cuda mai buɗaɗɗen sama ta 1971 an sayar da ita dala miliyan 3.5 a gwanjo a 2014. Ba mai hankalin da zai kai wa irinta wutar walda. Nova da Malibu da Mustang na 1979 zuwa 1993 su ne abincin harkar, don sauƙin nauyi da yawan kayan gyara.

Kuma kowane mataki na sauri yana da kayan kariyar da ake tilastawa kafin a bar ka ka hau layi. A dokokin NHRA na tsofaffin motoci, da ka sauko sakan 13.99 sai hular kwano. A 11.49 sai ƙarfen kariya a bayan kujera. A 9.99 ko gudun mil 135 sai cikakken keji, ga lasisin tsere ga mai yin ƙasa da sakan 10. A mil 150 sai lema ta tsayawa. Ana kuma sa zobe a kewaye farfela, don idan ta karye daga gaba tana iya cakar ƙasa ta wuntsila mota. Dodge Challenger Demon ta 2018 ta fito daga kamfani da doki 840 a kan man tsere, ta yi 9.65 da gudun mil 140, sai ƙungiyar ta ce ba za ta shiga gasa haka ba tunda ba ta da keji. Dodge kuwa ta mayar da hanin abin talla.

Idan wata rana irin wannan mota ta shigo hannunka, yadda za ka gane inda matsalarta take shi ne ka haɗa lambobi biyu na takardar. Gudun ƙarshe yana faɗin ƙarfin inji, lokaci kuma yana faɗin yadda aka yi amfani da shi. Motar da ta gama da mil 115 amma ta yi sakan 12.8, inji ba shi da laifi, don wannan gudun na mai sakan 11 da wani abu ne. Baya za ka duba. Ka kuma sa yanayi a lissafi: iska mai zafi ko ta kan tudu ba ta da kauri, injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari a kowace ƙafa 1,000 ta tsayi, shi ya sa motoci suke rage gudu a Denver, birnin Amurka da ke kan tudu, kuma zafin watan Afrilu irin namu zai yi musu kwatankwacin haka. Tayar tsere kuma a kan kwalta mai ƙura ba ta kamawa, yashi kawai take kwasa, idan kuwa ruwa ya sauka ba ta da zanen da zai kore shi, sitiyari da birki duk su zama ba a hannunka suke ba.